Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus: fara sakin maus tukuna

Ƙanena, saƙonka ya iso, na uku ke nan a wata guda. Hajiya ma ta kira ni ranar Juma'a ta ce kana ƙorafin na share ka. Ban share ka ba, tambayoyin naka ne ba su canja ba: nawa za ka zuba a asusun bankin da ake rufewa don neman bizar karatu, ina ne ba a biyan kuɗin makaranta, kuma in ka sauka za ka samu aiki da wuri? To ga su a gurguje. A 2024 an ɗaga kuɗin asusun zuwa Yuro 11,904 na shekara guda, wato 992 a wata, kuma ka sake dubawa a shafin ofishin jakadanci kafin ka motsa don yana hawa. Yawancin jami'o'in gwamnati ɗan kuɗin hidimar zango kawai suke karɓa, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga irinmu da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Aiki kuwa, doka ta ba ɗalibi kwana 140 cikakku a shekara. Wannan duk za ka iya samu a intanet ba sai ka jira ni ba.

Abin da ya zaunar da ni yau shi ne takardar da ka turo in gyara maka, wadda kake bayyana dalilinka na neman karatun. Na buɗe ta a Word, na kunna alamomin da ke nuna duk inda aka taɓa madanni, sai raina ya ɓaci. An tura take zuwa tsakiyar shafi da dannan tazara sama da 30. An buga Enter sau 11 don a sauka sabon shafi. Da na tambaye ka wa ya buga, ka ce yaron shagon buga takardu na bakin titinku. Kai da za ka zo digiri na biyu, shafi ɗaya da rabi sai ka ba wani ya buga maka? Na ji zafin abin ne saboda ni ma haka na taho. Furojet ɗina na digirin farko da biro na rubuta shi a takardu, na kai shago, na biya kuɗin kowane shafi, aka buga aka ɗaure mini. Ban taɓa jin wani abu ya rage mini ba.

Nan babu wannan shagon. Akwai masu fitar da takarda su ɗaure maka, amma ba wanda zai karɓi rubutun hannunka ya zauna ya buga. In ma ka samu, kuɗin abincinka na wata ba zai biya shi ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba kowa a gida ba. Watana biyu da sauka a Kolon, sanyi ya fara kama ƙashi, na ga tallar aikin ɗalibai a wani ƙaramin kamfani da ke shirya rahotanni. Aikin zama ne a ofis mai ɗumi. Na je da takarduna a leda, da sakamakona mai kyau da nake alfahari da shi. Ba wanda ya kalle su. Wata mata ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta buɗe rahoto mai shafi 40, ta ce in gyara kanun babi, in matsar da sakin layi biyar zuwa inda ta yi alama, in sabunta ƙumshiya, ta ba ni minti 20, ta tsaya a bayana da kofin gahawa.

Na kai hannu kan maus na fara jan shafi. In na ja don in zaɓi jimla, sai ya zarce ya kwashe rabin shafi. Gajerun hanyoyin da na sani a lokacin ba su wuce biyar ba, su ma suka juya mini baya. Na nemi Ctrl na rasa, ashe a kibod ɗin Jamusawa Strg aka rubuta. Na danna shi da B don in kaurara rubutu, sai sakin layin gaba ɗaya ya miƙe ya daidaita gefe da gefe, domin a Word na Jamusanci aikin B ke nan, mai kaurara rubutu shi ne Strg da Shift da F. Na kai yatsa ƙasa ta hagu inda na saba samun Z don in janye kuskuren, ashe a wajensu Z da Y sun yi musayar gida, Y na danna, shi kuwa maimaita abin da ka yi yake yi. Da ta ce in rubuta adireshin imel ɗina a ƙasa, alamar @ ma ban same ta ba sai da ta miƙo yatsa ta nuna mini AltGr da Q. Gumi nake yi a watan Disamba. A tebur na kusa da ni akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba, ita ma gwajin take. Hannunta bai bar kibod ba ko sau ɗaya. Ƙarar madannai kawai nake ji, shafuka na wucewa, ta gama ta miƙe ina shafi na 9. Matar ta ce mini za su neme ni. Har yau ba su neme ni ba.

Wata bakwai na yi ina ɗaukar kwalaye a wani sito da dare. Ba na raina aikin, da shi na biya haya. Amma duk asubar da na dawo bayana na ciwo, ga lacca ƙarfe takwas, na san abin da ya raba ni da kujerar nan mai ɗumi bai wuce abin da za a koya cikin mako biyu ba.

Wanda ya koya mini kuwa, wani ɗan ajinmu ne mai larurar gani. Aka haɗa mu aikin rukuni, na zauna kusa da shi ina tunanin ni zan taimaka masa. Yana da manhajar NVDA da ke karanta masa allo a kunne, ba shi da maus ko kaɗan, kuma yana yawo a cikin takarda mai shafi 60 kamar tsakar gidansu. Da ya ji ina ta danna maus sai ya ce in cire shi in ba shi ya ajiye a jakarsa har mako biyu. Na ba shi. Kwana uku na farko na sha wuya, aikin minti goma sai ya ci mini awa. Daga nan yatsu suka fara ganewa da kansu.

Ga abin da ya fara da shi, kuma da shi nake so ka fara. Kibiyoyin nan huɗu harafi ɗaya ko layi ɗaya suke matsar da kai. In ka riƙe Ctrl, kibiyar dama da ta hagu kalma-kalma za su riƙa tsallakawa, ta sama da ta ƙasa kuma sakin layi guda-guda. Home farkon layi, End ƙarshensa, in ka haɗa su da Ctrl ka tafi farkon takardar ko ƙarshenta ko shafi nawa ce. Sirrin duka yana ga Shift: kowace tafiya daga cikin waɗannan, in ka yi ta kana riƙe da Shift, to duk inda ka bi ka zaɓe shi. Ctrl da Shift da kibiyar dama, ka ɗauki kalma. Shift da End, ka ɗauki sauran layin. Ctrl da Shift da kibiyar ƙasa, ka ɗauki sakin layin har ƙarshensa. Ba hadda ba ce, ƙa'ida ɗaya ce take ta maimaita kanta. Haka Backspace, da Ctrl kalma guda yake sharewa, ba sai ka yi ta bugunsa kamar mai dakan gero ba. A nan za ka ga an rubuta Pos1 a kan Home, Ende a kan End, Entf a kan Delete, kada su ruɗa ka. In laftof ɗinka ƙarami ne, mai yiwuwa sai ka haɗa da Fn kafin ka samu wasu.

Guda biyu ne suka fi shiga raina. Na farko Shift da F5. Kana rubutu a shafi na 52, ka hau shafi na 7 duba wata lamba, ka rasa inda ka baro. Danna su, sai ka ga kanka daidai inda ka yi gyara na ƙarshe, ka sake dannawa ya kai ka na kafin shi. Lokacin da nake rubuta kundina mai shafi 94 ban san sau nawa nake taɓa su a yini ba. Na biyu Alt da Shift da kibiyar sama ko ta ƙasa. Sakin layin da kake ciki zai ɗaga ɗungurungum ya hau ko ya sauka, ba yanka ba mannawa. Ranar da na fara ganin wannan shiru na yi na daɗe, domin aikin nan ne daidai matar ta sa ni, sakin layi biyar ɗin nan, kuma da na sani da minti ɗaya ya ishe ni.

Sauran ba sai na tsaya jan su ba. F5 ka rubuta lambar shafi ka sauka a kai. Ctrl da F nema, Ctrl da H nema da musanyawa. Ctrl da Enter sabon shafi, maimakon Enter 11 ɗin yaronka. Ctrl da E ya kai take tsakiya. F4 ya maimaita abin da ka yi na ƙarshe. Shift da F10 ya buɗe abin da dannan dama na maus ke buɗewa. In ka rasa hanya gaba ɗaya, taɓa Alt shi kaɗai ka saki, ƙananan haruffa za su fito a kan kowane umarni na saman allo, ka bi su. Ctrl da S na adana aiki kuwa ban ga wanda ya girma da ɗaukewar wuta da sai an koya masa ba.

Amma ka kula da kanun babi, nan ne 'yan gida muke faɗuwa. Mun saba mu zaɓi layi, mu ƙara masa girma, mu kaurara shi, mu ce ya zama kan babi. A wajen Word bai zama komai ba. Sai ka sa masa salon kan babi, wato Ctrl da Alt da 1 ga babban babi, da 2 ga na ƙarƙashinsa, da 3 ga na ƙasa da shi. A Word na Jamusanci Alt da lambar kawai ne. In ka yi haka ƙumshiya da kanta za ta haɗu, in shafuka sun motsa ka danna Ctrl da A sannan F9 lambobi su gyaru. Na ga wani ɗan ƙasarmu a nan, daren da zai miƙa kundinsa, yana buga ɗigo-ɗigon ƙumshiya da hannu yana duba lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, malaminsa kuma ya sa shi ya cire wani sashe da yammar, komai ya goce. Ƙarfe biyun dare ya kira ni muryarsa na rawa. Na hau keke na je, cikin minti 40 muka gama. Ban karɓi ko sisinsa ba, amma na faɗa masa abin da nake faɗa maka.

Akwai kuma wanda na gano da kaina, don Hausarmu. In kana son ƙ a Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X, lambar za ta rikiɗe ta zama harafin. Na ɗ 0257 ne, na ɓ 0253. A na Jamusanci Alt da C ne. In harafin da ke gaban lambar irin su a ko b ne, Word zai haɗa shi da lissafin ya ɓata, don haka ka zaɓi lambar ita kaɗai tukuna, Shift da kibiyar hagu sau huɗu. Ni daga baya na shiga wurin alamomi na ba kowanne gajeriyar hanyarsa. Da su nake rubuto maka wannan, kuma ba na jin daɗin ganin ɗan jami'a yana rubuta kasa inda yake nufin ƙasa.

Kada ka ce mini ba ka da laftof mai kyau. Na Yaya Babba yana nan a ɗaki ana ajiye masa kaya a kai, kuma in Word ɗinsa ya ƙi, LibreOffice kyauta ne, yawon kibiyoyi da Ctrl da Shift duk ɗaya ne a cikinsa. Kada kuma ka ce wayarka ta ishe ka. Saurin babban yatsa a WhatsApp ba zai rubuta maka kalma 250 da wata 150 cikin minti 60 ba in ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS a kwamfuta. Kuma ka sani a nan awa ake biya. Tun Oktoban 2022 mafi ƙarancin albashi ya kai Yuro 12 a awa, ya ma ƙaru bayan haka. Mai kamfanin da zai ba ka wannan kuɗin yana kallon hannunka, in ya ga abin da wani ke yi a awa ɗaya kai sai ka ci uku, ba zai yi maka faɗa ba, ba zai wulaƙanta ka ba, murmushi zai yi ya raka ka bakin ƙofa.

Yau a ofishin da nake, in sabon ɗalibi ya zo ni ake turo wa in nuna masa yadda ake haɗa rahoto. Maus ɗina yana cikin durowa, sai in zan yi zane nake fito da shi. Ban same shi a sama ba, da kwalayen sito da sanyin asuba na biya, shi ya sa ba na so kai ma ka biya irin wannan farashin a kan abin da za ka iya koya a ɗakin Hajiya, shinkafa na jiranka a kwano.

Ban gyara takardar taka ba, kuma ba zan gyara wannan ba. Cire maus ɗin ka ba Hajiya ta ajiye maka, ka zauna ka buga ta da hannunka daga farko, take a tsakiya da Ctrl da E, ba tazarar banza ko ɗaya. Ka turo mini ranar Lahadi mai zuwa bayan La'asar ɗinku. Zan kunna alamomin nan in duba, in na ga ta fita tsaf, a daren za mu zauna a waya mu zaɓi jami'o'i uku da za ka nema. Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso, ka gaida su Baffa.