Na ba x ƙima da exec, amma Python ya ce bai san shi ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon Python ne. Idan na rubuta exec("x = 5") sannan print(x), 5 na fitowa lafiya lau. Amma da na sa layukan biyu cikin fankshin, sai ya kawo NameError, wai bai san x ba. Ko kwamfutata ce ke da matsala?

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa.

Kafin Python ya gudanar da fankshin, sai ya karance shi tsaf, ya ware wa kowane suna na cikinsa gurbi. A lokacin, abin da ka sa cikin alamar zance rubutu ne kawai a wurinsa, saboda haka x bai samu gurbi ba. Da exec, mai gudanar da rubutu a matsayin umarni, ya zo aiki, kwafin sunayen cikin fankshin ɗin aka miƙa masa, a kan kwafin kuma ya rubuta 5. Shi kuwa print(x) waje ya leƙa, cikin sunayen gama-gari, bai tarar da komai ba. A wajen fankshin babu wannan rabuwar, ma'aji ɗaya ne, shi ya sa can ya yi maka aiki.

Za ka ga tsofaffin darussa a intanet inda hakan ke tafiya daidai. Na Python 2 ne, kafin Python 3 da ya fito a 2008 ya mai da exec fankshin kamar saura. Dabarar karanto sakamakon daga locals(), mai ba da sunayen cikin fankshin, ita ma ka rabu da ita: daga Python 3.13 na 2024, sabon kwafi yake bayarwa duk sanda aka kira shi cikin fankshin.

Mafita ita ce ka ba exec nasa ƙamus (dict), wato ma'ajin sunaye da ƙimominsu:

jaka = {}
exec("x = 5", jaka)
print(jaka["x"])

Ƙamus ɗaya fa, ba biyu ba. In ka ba shi biyu daban-daban, fankshin ɗin da aka ƙirƙira cikin rubutun ba zai ga sunayen da aka ajiye kusa da shi ba, NameError ya dawo. Wannan yakan wahalar da ƙwararru ma.

Abin da ya fi damuna shi ne inda rubutun ya fito. Idan wani ne ya turo shi, kada ka kusantar da shi ga exec ko ɗan'uwansa eval, domin layi ɗaya ya isa ya goge maka fayiloli. In lambobi ko jeri kawai kake son cirowa daga rubutu, ast.literal_eval zai yi maka ba tare da ya gudanar da umarni ba.