Amsa ga mai tafiya Kofanhegan: abinci da abin sha

Malam, ka ce za ka Kofanhegan, babban birnin Denmark, abokan aiki sun gayyace ka cin abincin dare inda ake kawo giyar inabi da kowane faranti, kai kuwa ba ka sha. Kada ka damu ko kaɗan. Manyan gidajen abincin garin sun saba haɗa kowane kwano da ruwan 'ya'yan itace maimakon giya ga wanda ba ya sha: na tuffa, ko na havtorn, wani ɗan itace ƙarami mai tsami sosai. Ka faɗa wa masu gidan abincin cewa ba ka sha tun wajen kama tebur.

Abin da ya fi damuna shi ne naman alade, domin yana ɓuya. Frikadeller (ƙwallon naman Denmark) da leverpostej (niƙaƙƙiyar hanta da ake shafa wa burodi) duk da shi ake yi, ƙwallon naman Suwidin ma galibi gauraye ne da shi. Ka tsaya kan kifi. Ka nemi smørrebrød, yankan baƙin burodi mai kayan haɗi a kai, amma wanda aka ɗora wa kifi ko jatan lande, wallahi yana ƙosarwa. Gravlaks kuwa kifin salmon ne da aka jiƙa da gishiri da sukari da wani ganye mai ƙamshi da ake kira dil. Wasu na zuba masa barasa, don haka ka tambaya kafin ka kai baki.