Amsa: Me ya sa baƙar roba ke zafi a maikirowef, farar kuma ba ta yi sosai?

Ɗan'uwa, ka ce ka sa guntun tiyub ɗin taya da guntun farar roba a maikirowef, baƙar ta ɗau zafi har ta fara wari, farar kuwa da ƙyar ta ɗumama. Don Allah kar ka sake, hayaƙin nan guba ne.

Roba zalla ba ta tsotsar igiyoyin maikirowef sosai, ratsa ta suke yi su wuce. Abin da ya baƙanta taya garin kabon ne mai laushi kamar zunzurutun baƙin tukunya, wanda ake cuɗa shi da roba don ta yi ƙarfi. Je wajen mai faci a Ƙofar Ƙaura ka goga tsohon tiyub a tafin hannunka, za ka ga baƙin. Kabon yana ɗaukar lantarki. Igiyoyin murhun, masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya (gigahaz 2.45), suna tayar da ƙananan lantarki a cikin ƙwayoyinsa, lantarkin ya koma zafi.

Amma fa ba kullum ƙarin kabon ke kawo ƙarin zafi ba. Idan kabon ya yi kaɗan, igiyar ta wuce. Idan ya yi yawa sosai har robar ta riƙa ɗaukar lantarki da kyau, sai ta mayar da wani kaso mai yawa na igiyar baya maimakon ta shanye ta duka. Kaurin robar ma yana da tasiri. Shi ya sa a ɗakunan gwajin eriya ake liƙa soso mai kabon, an yanka shi tsini-tsini, don igiyar ta shige a hankali ta mutu a ciki.