Yawo da kare a Avebury: igiya, tumaki da duwatsun mutanen da

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a kudancin Ingila, kuma ina da kare ɗan shekara uku, nauyinsa kilo 20. Yana jin kira, bai taɓa cizon kowa ba. Ina so in kai shi yawon ƙafa wajen da'irar duwatsu ta Avebury da tsofaffin kaburburan da ke kewaye da ita. Ana barin kare ya shiga? Wace hanya za mu bi, me zan riƙa, kuma a ina zan iya sakinsa ya yi gudu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana bari. Avebury, a yankin Wiltshire, fili ne buɗaɗɗe da ƙungiyar National Trust ke kula da shi. Ba a biyan kuɗin shiga wajen duwatsun, sai dai na ajiye mota, kuma kare na shiga muddin yana ɗaure da igiya. Kada ka haɗa shi da Stonehenge, wata da'irar duwatsun daban, duk da cewa UNESCO ta sa su tare cikin rajistar wuraren tarihi na duniya a 1986. A can ba a barin kare ya kusanci duwatsun, in ba karen da ke taimaka wa mai buƙata ta musamman ba.

Bari mu fara da tambayarka ta ƙarshe, don duk sauran a kanta suka rataya. A tsakiyar wannan yanki kusan babu inda za ka sake shi, kuma akwai dalili. Ganuwar ƙasa da ramin da suka kewaye Avebury an haƙa su ne tsakanin shekara ta 2850 da 2200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ƙahon barewa da ƙasusuwan shanu, a cikin ƙasa mai alli. Abin da ke riƙe su har yau gajeriyar ciyawa ce. Idan aka bar wurin babu kiwo, sarƙaƙiya da itatuwa za su fito, saiwoyinsu su yamutsa abin da ke binne. Idan aka sa garma, ta share shi gaba ɗaya. Tumaki ne ke aske ciyawar ba tare da sun ɓata komai ba, shi ya sa za ka tarar da su kwance a gindin duwatsun. Wato tunkiya a nan ma'aikaciya ce, kai da karenka ku ne baƙi.

Ka ce yana jin kira, mun kuma yarda. Amma hali zanen dutse ne: karen da bai taɓa ganin garke ya watse a gabansa ba, ba ka san abin da zai yi ba sai ranar. Ba sai ya ciji tunkiya ɓarna ke aukuwa ba. Kora kaɗai na sa mai ciki ta yi ɓari, tana raba uwa da ɗanta, tana tura garke ya afka cikin waya. Dokar 1953 da ta tsare dabbobin kiwo daga karnuka ta ɗauki korar a matsayin laifin mai kare, haka ma barin kare sakaka a filin da ke da tumaki. Wata dokar ta 1971 kuma ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke addabar dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. A filayen da dokar shekara ta 2000 ta buɗe wa jama'a, igiyar kada ta wuce mita 2 daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, sannan a kowane wata idan akwai dabbobi kusa.

Saboda haka nemi igiya mai tsayi ɗaya, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji maimakon wuya. Igiyar nan mai miƙewa tana naɗe kanta cikin akwatin roba ba ta dace da nan ba. Kafin ka danna makullinta kare ya ci mita biyar ya tara gudu, fizgar kuma na iya ƙwace akwatin daga hannunka, siririn zarenta yana yanka yatsa. Abin wuya dai dole ne ya kasance, da suna da adireshinka a jiki, kamar yadda dokar 1992 ta tanada, ban da 'yar ƙwayar shaida (microchip) da ake sa wa a ƙarƙashin fata, wadda ta zama tilas a Ingila tun 2016. Duba ko lambar wayar da ke rajistarta ita ce kake amfani da ita yanzu.

Hanya kuwa biyu ce, ka zaɓa gwargwadon ƙarfin karen. Gajerar ba ta wuce kilomita 6 zuwa 7 ba. Ka zaga da'irar tukuna, sannan ka fita ta ƙofar kudu ka bi jerin duwatsun West Kennet, waɗanda ke tsaye bibbiyu suna fuskantar juna. Mai binciken tarihi Alexander Keiller ne ya tono ya sake tsayar da wannan ɓangare a shekarun 1930, inda dutse ya ɓace kuma ya kafa ɗan ginshiƙin siminti. Daga nan ka haura tudun Waden, inda za ka hangi tulin Silbury sosai, ka gangara ka ƙetare titin A4, ka hau zuwa dogon kabarin West Kennet, ka dawo ta hanyar ƙafa da ke bin rafi kusa da Silbury. Doguwar ta kai kusan kilomita 10, sa'a uku zuwa huɗu idan za ka riƙa tsayawa. Ana fita ta gabas a hau zuwa Ridgeway, tsohuwar hanyar da ke bin ƙashin bayan tuddai, a yi kudu zuwa tudun Overton, inda hanyar ta faro tafiyarta ta kilomita 139 zuwa Ivinghoe Beacon. A gefenta akwai tulin kaburbura masu zagaye na zamanin tagulla, wasu da kurmin itatuwa a kansu. Tsallaken titi kuma ga Sanctuary, da'irar da yanzu sai alamomin siminti suka rage. Daga nan a bi ta East Kennett zuwa dogon kabarin. Taswira mai lamba 157 ta Ordnance Survey, hukumar taswirorin Birtaniya, ta ɗauke duka biyun. A alamomin hanya, kibiya rawaya hanyar masu ƙafa ce, shuɗiya ta haɗa da dawakai da kekuna, ja kuma har mota na iya bi.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari a tafiyar ba saniya ba ce, ba maciji ba, titin A4 ne. Motoci na gudu, babu fitilar tsallakawa. Tun kafin ka isa bakinsa ka naɗe igiyar a hannu har ta rage rabin mita, ka sa karen a ɓangaren da ba na titi ba, ka zaunar da shi, ku ƙetare kai tsaye ba a karkace ba. Titin A4361 ma ya ratsa tsakiyar da'irar kanta, don ƙauye ne zaune a ciki, kuma za ka tsallake shi fiye da sau ɗaya.

Silbury kallo ne daga nesa. Tuli ne da hannun mutum ya tara wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinsa ya haura mita 30, babu irinsa a Turai cikin gine-ginen wancan zamani. An hana hawa, mutum ko kare. A shekara ta 2000 samansa ya rufta ta bakin wani rami da aka haƙa a 1776, sai da aka yi aikin cike shi da alli a 2007 da 2008. Dogon kabarin West Kennet kuwa ana shiga. An gina shi wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonsa kusan mita 100, da ɗakuna biyar na dutse a bakinsa, inda tonon 1955 da 1956 ya fito da ƙasusuwan mutane sama da talatin. Ciki ƙunci ne da duhu, mafita ɗaya. Kare biyu da suka haɗu a irin wannan lungu faɗa ke biyo baya, don haka leƙa tukuna, in da mutane ka jira. Kuma makwancin mutane ne, ko da shekara dubu biyar ta shige: ka bar karen ya yi fitsarinsa tun a hanya kafin ku iso.

Haka ma jikin duwatsun da'irar. Namijin kare na ganin abu a tsaye zai ɗaga ƙafa, wani ya zo ya maimaita a wuri guda, fitsarin kuma na ƙone gansakukar da ta ɗauki shekaru masu yawa tana yaɗuwa a kan dutsen. Riƙe shi taku biyu daga gindinsu. Abin da ya fi wannan muni tono ne. Zomaye na haƙa ramuka a jikin tulin kaburbura, kare ya ji ƙanshi ya sa dagi, cikin minti ɗaya ya buɗe abin da ruwan sama zai ci gaba da zaizayewa. Mai binciken tarihi yana karanta ƙasa ne hawa-hawa, abin da ke ƙasa ya girmi na sama, in an cakuɗa su shi ke nan labarin ya tafi. Dokar 1979 ta haramta ɓata irin waɗannan wurare. In ka ga an zagaye wani sashe na ganuwar da igiya, ana jinyar ciyawa ne, bi ta ƙasa.

Shanu dokarsu ta saɓa da ta tumaki a abu ɗaya. Ka shiga filinsu da igiya a gajarce, ka bi gefe a natse, kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Amma idan suka taso muku da gaske, saki igiyar. Karen suke nufi, ya kuma fi su gudu. Wanda ya rungume karensa ko ya ƙi saki shi ne ake tattakewa. Kai kuma ka nufi shinge mafi kusa da sauri ba da gudu ba, ka kira shi bayan ka fita. Ka lura da siririyar wayar lantarki da ake kewaye makiyaya da ita, tsayinta daidai hancin kare.

Kashi a kwashe a leda a tafi da shi, ko a tsakiyar daji ne. Ba maganar ƙyama kaɗai ba ce. Kashin kare na ɗauke da ƙwayar Neospora mai sa shanu ɓari, da ƙwan tsutsar ciki da ke zama ƙullutu a naman tumaki ko ƙwaƙwalwarsu. Kwandon shara sai cikin ƙauye, don haka ka riƙa leda huɗu ko biyar da ɗan gwangwani mai murfi da za ka jefa su ciki.

Ruwa shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Ƙasar alli tana shanye ruwan sama nan take, saman tuddan babu rafi babu kududdufi, saman kogin Kennet ma yakan ƙafe da bazara. Kare mai kilo 20 na shan kusan lita ɗaya a wuni ko yana kwance. A doguwar hanya ka ɗaukar masa lita ɗaya nasa shi kaɗai, ɗaya da rabi in rana ta buɗe, ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk rabin sa'a. Ridgeway kusan ba ta da inuwa, farin alli kuma na mayar da hasken rana sama. Da zafi ya haura digiri 20 ka fita da sassafe, ko ka ɗauki gajerar hanya. Alamun zafi ya kama shi su ne haki mai tsanani da harshe a baje, yawu mai kauri, tangaɗi, amai. Tsaya nan take, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, ka yi masa fifita, sannan a nufi likitan dabbobi. Sanyayawa ke gaba da tafiya. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana tsare zafin ne a ciki. Ajiye lambar likitan dabbobi na Marlborough ko Devizes, garuruwan da ke kusa, a wayarka tun daga gida.

A cikin allin akwai dutsen ƙyastu, wanda mutanen da suka fasa suka yi wuƙa da shi, kuma kaifinsa na nan. Yana tsaga tafin dagi. Riƙa bandeji da tsohuwar safa. In ya yanke, wanke da ruwa, danne minti biyar, naɗe ba da tsauri ba. Da ka dawo mota ka bi jikinsa da hannu: tsakanin yatsu, hammata, cikin kunne. Daga Yuni zuwa Agusta tsinin irin ciyawa na shiga waɗannan wurare yana nutsewa cikin fata, alamarsa girgiza kai ko lasar ƙafa ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Kaska kuma, wadda ke yaɗa cutar Lyme ga kare da mutum, ana cire ta da ɗan ƙugiyar roba: zura ta ƙarƙashinta daf da fata, murɗa har ta saki. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai, don hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jikin karen. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, dangin kububuwa, mai zane kamar haƙorin zarto a baya, yana shan hantsi a gefen ciyawa daga Maris zuwa Oktoba. In ya sari kare, ɗauki karen a hannu kada ya taka, kada ka ɗaure wurin ko ka tsaga, a tafi asibiti.

Game da lokaci, kauce wa kwanakin da ke kewaye da 21 ga Yuni, don jama'a na cika wurin da ganguna suna bikin wunin da ya fi tsawo a shekara, ajiye mota ma wahala. Maris da Afrilu tumaki na haihuwa. Satumba da Oktoba sun fi daɗi ga kare: an yi girbi, tsuntsaye sun tashi, zafi ya sauka. Da hunturu jiƙaƙƙen alli santsi gare shi kamar sabulu, kare mai fizga zai iya kayar da kai a gangaren ganuwa.

Gudun da kake so ya yi, ba shi tun kafin ku iso. A Ingila akwai filaye masu shinge da ake haya da sa'a don karnuka, rabin sa'a a irinsu na sauke masa zumuɗi. A kan Ridgeway, inda waya ta tsare hagu da dama kuma kana hangen gaba babu dabba, za ka iya sa masa doguwar igiya ta mita 5, ka tattare ta da zarar ka hangi doki, keke ko motar gona. In kana da abokin tafiya da zai riƙe maka shi a waje, leƙa gidan tarihin Keiller da ke cikin ƙauyen. Akwai kwarangwal ɗin kare da aka tono a tudun Windmill, kilomita biyu arewa maso yamma, inda makiyaya ke taruwa tun wajen 3700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).