Takardar rajistar sunan kasuwanci ba ita ke mallaka miki sunan ba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, kin ce kin zaɓi sunan da za ki sa wa sana'arki ta ɗinki da sayar da kaya, har an zana miki tambari, sai kuma kika ci karo da wata a Instagram mai suna kusan iri ɗaya da naki, harafi ɗaya ne ya raba ku, kina so ki san ko idan kika riga ta yin rajista shikenan sunan ya zama naki. Toh ni ba lauya ba ce, sabulun ruwa da man shafawa nake yi shekara 11 kenan, amma wannan ramin da kike tsaye a bakinsa ni har ƙasansa na faɗa, dan haka ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Amsar a taƙaice a'a ce. Kuma dalilin shi ne kalmar rajista ɗin nan da muke faɗa ba abu ɗaya ba ce, mu ne muke haɗa su a baki. Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda amfaninta kawai hukuma da jama'a su san cewa wance ce ke bayan wannan sunan, ki samu ki buɗe asusun banki da shi, ki buga rasit. Akwai rajistar kamfani mai limited, wanda shi a idon doka kamar wani mutum ne daban da ke, yana da dukiyarsa da bashinsa. Sannan akwai rajistar alamar kasuwanci, wadda ita ce take ba ki ikon ce wa wani ya cire sunanki daga jikin kayansa. A yawancin ƙasashe ma ofisoshin daban ne, wanda ya ba ki ta farko bai leƙa littafin na ukun ba, shi dai nasa ya duba ya ga babu mai irin sunan sak sai ya buga miki hatimi.

Ni ta farkon na yi, na sa satifiket ɗin a firem na rataye, ina ganin na gama da duniya. Shekara 3 ina aiki da sunan, kwastomomi sun saba, har ya kai ba a kirana da sunana na yanka sai da sunan sabulun. Wata ranar Talata aka kawo min ambulan, na ɗauka oda ce wallahi, ina buɗewa na ga takardar lauyoyi shafi biyu, wai wani kamfani yana da rajistar alamar kasuwanci a kan sunan tun kafin in fara, sun ba ni kwana 14 in daina amfani da shi, in janye kayan da ke kasuwa, in sauke shafukana, in ba haka ba mu haɗu a kotu su nemi diyya. Nasu da C yake farawa nawa da K, kuma Allah ne shaidata ban taɓa jin labarinsu ba, ni daga sunan 'yata na ciro nawa.

Na ɗauki firem ɗin sukutum na tafi wurin lauya ina huci. Mutumin nan bai ma kalli satifiket ɗin sosai ba, sai ya sa aka sayo kwalbar nasu, ya ajiye kusa da tawa a kan tebur, ya kira sakatariyarsa ya ce ta karanto sunayen da ƙarfi. Ta karanta na farko, ta karanta na biyu, sauti ɗaya babu ko bambanci. Ya juyo ya ce Hajiya kin ji abin da alƙali zai ji, shi ba haruffa zai ƙirga ba, tambayarsa ita ce ko mai saye da ke sauri zai iya ɗaukar wannan a zaton wancan ne, kuma ko kin sani ko ba ki sani ba wannan bai hana a ce kin shiga gonar wani. Na ce to ni da rajistata fa? Ya ce rajistarki ta nuna ke ce mai sana'ar, dan haka ma suka san inda za su aiko takardar. Ban yi dariya a lokacin ba amma yanzu in na tuna ina yi.

Ya roƙa min aka ƙara wa'adin zuwa wata 3 in sayar da abin da ya riga ya fita, sauran kuma ni da yarana muka zauna a tsakar gida da baho da ruwan ɗumi muna jiƙa kwalabe muna kankare sitika da cokali, dankon ya ƙi fita sai da mai, farcena duk ya kakkarye, ga katan-katan da aka riga aka buga sunan a jiki babu yadda za a yi da su sai dai zuba tarkace. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne mutane suna ganin sabon sunan suna cewa jabu ne, wai an kwaikwayi na asali, ni mai na asalin ina tsaye ina rantsuwa. Kusan shekara guda na yi kafin ciniki ya koma yadda yake.

Kar ki ce dan mu ƙanana ne, manya ma tana cin su. Kamfanin kokawar nan na Amurka da aka sani da WWF dole ya koma WWE a 2002 bayan ƙungiyar kare namun daji mai irin waɗannan haruffan ta yi nasara a kansa a kotun Ingila. Apple da duk ƙarfinsa sai da ya biya wani kamfani mai suna Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin ya samu sunan iPad a China, saboda wancan ya riga shi rajista a can. Wannan na biyun ki riƙe shi da kyau, alamar kasuwanci iyakarta iyakar ƙasar da aka yi mata rajista, in kina da burin tura kaya waje sai kin nema a can ma. Akwai tsarin Madrid da WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da alamun kasuwanci, ke kula da shi, wanda da takarda ɗaya za ki nema a ƙasashe da yawa, amma sai kina da taki rajistar ta gida ko kin shigar da takardar nemanta tukuna, kuma sai ƙasarku na cikin tsarin.

Yanzu ga inda za ki ɗan samu sauƙi. Ba a mallakar kalma gaba ɗayanta, ana mallakarta ne a kan irin kayan da aka yi rajistar dominsu. Akwai rabe-raben da aka amince da su a birnin Nis na Faransa tun 1957, yanzu aji 45 ne, 34 na kaya 11 na ayyuka. Sabulu da turare da kayan kwalliya aji na 3 ne, nan aka kama ni, tufafi da takalma da huluna kuma aji na 25, nan ne naki. Da a ce masu sunan nan siminti suke sayarwa da wataƙila ba ruwansu da ni. Sai dai ki yi hattara da sana'ar da za ta iya faɗaɗa, yau ɗinki gobe ki ce za ki ƙara turare, kin shiga wani ajin kenan. Haka ta faru tsakanin Apple mai kwamfuta da Apple Corps na mawaƙan Beatles, sun fara shari'a a 1978, aka sasanta a 1981 kan cewa mai kwamfuta ba zai shiga harkar kiɗa ba, da ya shiga aka sake komawa kotu, ba a rufe maganar gaba ɗaya ba sai 2007. Sunayen da suka yi fice a duniya kuwa kar ma ki je kusa da su ko da a wani ajin ne, su doka tana ba su kariya ta musamman, wannan dabarar ta canza harafi ɗaya a sunan babban kamfani dan a ja kwastoma neman fitina ce kawai.

Da na zo zaɓar suna na biyu na so in sa wani abu kamar sabulu mai ƙamshi ko mai inganci, lauyan ya ce sam. Sunan da kawai yake bayyana abin da kike sayarwa ba a cika yarda a yi masa rajistar alama ba, dan ba za a hana sauran masu sabulu cewa nasu ma yana da ƙamshi ba. Wanda ya fi ƙarfi shi ne kalmar da kika ƙirƙira da kanki, irin Kodak, sunan kyamara da George Eastman ya haɗa a 1888, ba ta da ma'ana a kowane yare, ko kalmar da ba ta da alaƙa da kayan. Sunan mutum na yanka ma yana da rauni, masu irinsa sun yi yawa. Sannan akwai kalmomin da sai da izini, irin su banki, inshora, jami'a, ko duk abin da zai sa a zaci gwamnati ce, haka tutar ƙasa da tambarinta da alamar Red Cross, ba a taɓa su. Kuma in ba kamfani mai limited kika yi ba kar ki liƙa kalmar a ƙarshen sunanki dan ya yi nauyi, laifi ne. Ki kuma sani da rajistar suna zalla bashin sana'ar bashinki ne, in ta ɓaci har kayan ɗakinki ana iya bi.

Binciken da ban yi a farko ba na yi shi a karo na biyu kamar mai neman allura. Littafin hukumar rajistar kamfanoni, littafin ofishin alamun kasuwanci, rumbun alamun kasuwanci na WIPO da ke intanet wanda kyauta ne, Google, Facebook, Instagram, TikTok, kuma ba rubutun da na zaɓa kaɗai ba, duk yadda za a iya rubuta shi ya ba da sauti ɗaya sai da na gwada, da K da C da Q, da ninka harafi da raba kalma. Sunaye 5 na kai, 3 suka faɗi a nan. Ban buga ko sitika ɗaya ba sai da na shigar da takardar nema, kuma ki sa a ranki abin yana ɗaukar watanni, wani lokacin fiye da shekara, saboda sai an wallafa sunan an ba masu ƙorafi dama su fito. Kafin rajistar ta fito za ki iya sa TM, haruffan da ke nuna kin ɗauki sunan a matsayin alamarki, a gefen sunan, amma ® ɗin nan mai da'ira sai rajista ta tabbata, masu zane suna son liƙa shi dan ado, ki hana su, a wasu ƙasashen kamar Ingila laifi ne.

Wani abin da ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Ki duba da sunan wa ake buɗe komai. Yaron da yake taya ni talla shi ya buɗe min shafin farko da imel ɗinsa da lambarsa, ranar da muka rabu ya tafi da shafin da mabiyan duka, ba ni da ko takarda ɗaya da zan nuna. Haka wanda ya zana miki tambarin nan, a ƙasashe da yawa haƙƙin zanen nasa ne har sai ya rubuta ya sa hannu cewa ya mallaka miki, biyan kuɗin aiki kaɗai bai wadatar ba, ki koma ki karɓi rubutu yanzu da kuke shiri. In kuma da abokiyar haɗin gwiwa ko 'yar'uwa a cikin sana'ar, ku rubuta wa zai riƙe sunan in an rabu, kunya ce take hana mu kuma ita ce take kai mu kotu. Bayan rajistar ma ba a barci, yawancin ƙasashe duk shekara 10 ake sabuntawa, wasu 7 a karon farko, kuma in kika ajiye sunan ba kya aiki da shi ana iya ƙwace shi, a Amurka shekara 3, a Tarayyar Turai 5. Shi ya sa nake ajiye tsofaffin rasit da hotunan talla masu kwanan wata a wata jaka daban.

Mu dawo kan wannan ta Instagram ɗin. Kar ki yi mata magana tukuna, kar kuma ki yi rige-rigen rajista dan ki sha gabanta. Ki gangara can ƙasan shafinta ki ga yaushe ta fara, me take sayarwa, a wace ƙasa take, sannan ki sa a duba ko tana da rajistar alama. Ko ba ta da ita ba ki tsira ba, dan a ƙasashe irin su Amurka da Ingila da masu bin tsarin shari'arsu wanda ya riga amfani da suna har mutane suka san shi da shi yana iya kai ƙara cewa ana cin kasuwa da sunansa, a wasu wuraren kuma kamar China wanda ya riga kai takarda ne yake da rinjaye, kin ga dole ki zauna da lauyan da ya san dokar inda kike, awa ɗaya ta isa. In ta riga ki kuma tufafi take sayarwa kamar ke, ni dai shawarata ki bar mata, tunda duk abin da kika kashe zuwa yanzu kuɗin zane ne, ko lebul ɗaya ba ki ɗinka a wuyan riga ba. Ki samo sunaye 4 ko 5 na daban ki fara tace su daga rumbun WIPO ɗin a daren nan, wanda ya tsallake sai ki kai wa lauya.