Ya ɗauki kaya bashi babu takarda, yanzu ya ce shaddar ta koɗe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sarar da atamfa da shadda. Ina da kwastoma a Gusau, shekara shida muna harka lafiya. Kafin ƙaramar Sallah ya ɗauki kaya na naira miliyan 3 da dubu 840, a kan zai biya bayan Sallah. Ya turo miliyan 1 da dubu 200 ta banki, daga nan shiru, yau wata takwas ke nan. Da na matsa masa sai ya ce wai shaddar ta koɗe, masu saye sun yi ta dawo masa da ita. Ba mu rubuta komai ba, sai abin da yarona ya shigar a littafin shago da saƙonnin murya na WhatsApp. Dillalin da ya haɗa mu tun farko ya ce ya tsaya masa. Abokai sun ce in sa 'yan sanda su ɗauko shi. Kuma kayan sun yi tsada yanzu, ko zan iya neman farashin yau?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Bari in fara da shawarar abokanka, don ita ce za ta fi saurin ƙara maka asara a kan asara.

Kada ka kai maganar nan caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa 'yan sanda da EFCC ba 'yan karɓar bashi ba ne. Na san ana yi, kullum ma ana yi: a tsare mutum kwana biyu, danginsa su haɗa wani abu, a raba da masu kaki. Amma ranar da ka yi wa wanda ya san lauya, zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi, ya haɗa ka da 'yan sandan, kotu ta ce ku biya shi diyya. Ka zo karɓar miliyan 2 da dubu 640, ka koma kai ne ake bi. Haka kuma kada ka sa hotonsa a Facebook ko a dandalin 'yan kasuwa ka kira shi ɓarawo, domin a Arewa ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Da a ce kayan amana ka ba shi, wato ya sayar maka ya kawo kuɗinka ya ɗauki ladansa, sai ya cinye, to wannan cin amana ne, hukuma na da hurumi. Da cek ya ba ka banki ya dawo da shi babu kuɗi, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu babu zaɓin tara. Naka ba haka ba ne. Ka sayar masa, kaya sun zama nasa, kuɗi sun zama bashi a wuyansa. Mutumin da ya yi shekara shida yana biyanka, har a wannan karon ma ya turo kusan sulusi, da wuya wani alƙali ya yarda cewa da niyyar damfara ya shigo shagonka.

Sai maganar rashin takarda, wadda na ga ita ta fi tayar maka da hankali. Cinikin baka ciniki ne, a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka. Rashin rubutu ba ya kashe bashi, wahalar tabbatarwa kawai yake ƙarawa. Kuma hannunka ba fayau yake ba kamar yadda kake zato. Akwai miliyan 1 da dubu 200 da suka fito daga asusunsa suka shiga naka. Je banki ka karɓo takardar bayanin asusu mai hatimi. Akwai littafin shago. Akwai yaronka da 'yan dakon da suka kai kaya tasha, da takardar lodi in an ba ku. Akwai dillali. Sannan ga wata hujja da shi da kansa ya miƙa maka bai sani ba: wanda ya ce shaddar ta koɗe ya riga ya amsa cewa ya karɓi shadda. Idan a saƙon murya ya faɗi haka, to wayar nan taka ta fi duk wata dila da ke shagonka daraja a yanzu. Kada ka sayar da ita, kada ka ba yara su yi wasa da ita, kada ka goge komai ko da zagi ne a ciki, kuma ka tura kwafin saƙonnin wata wayar ka ajiye. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da saƙon waya a matsayin hujja, sai dai ana haɗa shi da 'yar takardar da ke bayyana wayar da aka ciro shi da cewa lafiyarta ƙalau. Lauya zai rubuta maka ita cikin minti kaɗan.

Ƙorafinsa na koɗewa kuwa, tambaya ɗaya ce: yaushe ya fara faɗa? In ya buɗe dila a satin farko ya kira ka ya ce akwai aibi, yana da magana, kai ma ka sani. In kuwa sai da ya ci kasuwar Sallah, ya turo wani abu, ya yi wata da watanni bai ce uffan ba, sai da ka nemi ciko sannan shadda ta koɗe, to maganarsa ta yi rauni. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ga aibi a kaya ya ci gaba da juya su kamar ya yarda da su ne. Dokar cinikin kaya ma haka ta ce game da wanda ya riƙe kaya fiye da ƙima ko ya sayar da su gaba. Iyakar abin da ya rage masa shi ne neman rangwame, shi ma sai ya kawo abin da za a gani. Ka ce masa ya turo turamen da aka dawo masa da su. In da gaske akwai, ka karɓa ka cire kuɗinsu, kai ma ka koma wa wanda ya sarar maka. In babu, zance ya ƙare.

Yanzu ga aikin da nake so ka yi kafin komai, kuma a ganina shi ne rabin shari'ar: ka sa shi ya amsa adadin kuɗin da bakinsa ko da hannunsa. Wannan ba ya samuwa da faɗa. Masu bin bashi da yawa nan suke ɓata lamarinsu, su yi ta kira suna zage-zage har mutum ya toshe layinsu, a tashi babu kuɗi babu hujja. Ka sauke murya. Rubuta masa saƙo irin wannan: "Alhaji barka da war haka, ya iyali? Ina daidaita littafi ne. Kayan da ka ɗauka kafin Sallah miliyan 3 da dubu 840 ne, ka turo miliyan 1 da dubu 200, saura miliyan 2 da dubu 640. Haka yake a wajenka?" Ko "haka ne, a ƙara mini haƙuri" ya rubuto, ka samu abin da kake nema. In ya ce a'a, miliyan 2 da dubu 300 ne saboda shaddar, nan ma riba ce, don rigimar ta tashi daga miliyoyi ta koma dubu 340.

Daga nan sai zama. Ku haɗu gaban dattawan layinku ko shugabannin ƙungiyar kasuwa, shi ma ya zo da nasa mutumin. A rubuta takarda ɗaya, da Hausa ma ta wadatar, boko ko ajami: cikakken sunansa kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, adireshin shago da na gida, jimlar abin da ya rage, nawa zai riƙa biya da ranar kowane biya, da lambar asusun da zai riƙa turawa. A ƙara layi guda cewa in ya tsallake biya biyu a jere, duk ragowar ta zama abin biya nan take. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. In zai ba da jingina, a rubuta ko mece ce. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kana son takardar ta yi ƙarfin hukunci, ku yi sulhun a cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotun jihar Kano, wadda ke aiki tun 2009. Abin da kuka amince a can alƙali yana sa masa hannu, in mutum ya saɓa ba sai an sake shari'a daga farko ba.

Dillali fa? Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ya karɓi la'ada, saboda haka shi ne farkon wanda zai ɗauki waya, in ta kama ya shiga mota ya je ya taho da mutuminsa. Amma ko zai biya daga aljihunsa, wannan ya danganta da abin da ya furta da kuma inda aka kai ƙara. "Mutumin kirki ne, na san shi" yabo ne kawai. "In bai biya ba ni zan biya" lamuni ne. A kotun majistare da babbar kotu ana son lamuni a rubuce da sa hannun mai lamunin. A kotun shari'ar Musulunci lamunin baka yana tsayawa in akwai shaidu, sai dai a mazhabar Malikiyya ba a tsallake mai bashi a kama wanda ya lamunce masa muddin shi yana nan kuma yana da abin biya. Sannan ka tuna, shekara shida ke nan da ya faɗi maganar. Wa ya ce ta shafi kayan bana? In za a yi sabuwar takarda, a tambaye shi a gaban mutane ko zai sa hannu a matsayin mai lamuni. A nan za ka gane nauyin tsayawar tasa.

Farashin yau kuwa, a'a. Na san zafin abin. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk mai ba da kaya bashi yake kuka, kuɗin da ke dawowa ba sa sayen abin da ya fita. Amma an yanke ciniki a kan adadi, adadin nan ne bashinka. Ƙari saboda jinkiri kuɗin ruwa ne, wato ribar da aka haramta, a wajen jumhurun malamai, a kotu ma ba a ba ka abin da ba ku yi sharaɗinsa ba tun farko. Maganin wannan a gaba yake: gajeren wa'adi, da kafin alƙalami mai kauri kafin kaya su bar shago.

Idan sulhu ya ƙi, sai ka aika masa takardar neman biya da wa'adin mako biyu, ka riƙe shaidar cewa ta isa hannunsa. Bayan nan ƙofa biyu ce a gabanka. Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, a ƙarƙashin majistarori, a lokacin don kuɗin da bai wuce miliyan 5 ba. Fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma ƙa'idarsu a gama cikin kwana 60, ko da yake kai wa mutumin da ke wata jiha sammaci kan ja lokaci. Tunda a Kwari aka yi ciniki aka ɗauki kaya, kana da hujjar shigarwa a Kano. Ɗaya ƙofar ita ce kotun shari'ar Musulunci, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma a sha'anin dukiya Malikiyya suna karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Ga wanda takardunsa ba su da yawa amma yana da mutanen da suka gani, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma 'yan kasuwa da dama da za su yi gardama a gaban majistare ba sa yarda su dafa Alƙur'ani a kan kuɗin da suka san sun ci. Kada dai ka yi ta jira. Dokar ƙasa ta yanke wa ƙarar bashi wa'adi, shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu, kodayake amsa bashin a rubuce ko biyan wani ɓangare yana sabunta lissafin.

Ka sani kuma, hukunci takarda ne, ba kuɗi ba. Bayan ka yi nasara sai an bi: ko dai kotu ta umarci bankinsa ya cire daga asusunsa ya ba ka, ko ma'aikatanta su kama kayansa a yi gwanjo. Shi ya sa sunan bankin da ya turo maka kuɗi daga ciki yake da amfani, rubuta shi ka ajiye.

Kafin ka kashe ko sisi a kan fom ko lauya, tura wani amintacce Gusau ya leƙa shagon mutumin nan kamar mai sayayya. In ya tarar da kanta cike da sababbin kaya da aka saro wajen wani, to kuɗinka ne yake juyawa, jinkirin mawadaci kuma zalunci ne kamar yadda hadisi ya faɗa. Ba shi mako biyun, ka wuce kotu. In ya tarar da kanta ta yi fayau, ka san halin da kasuwancin yankin ya shiga da matsalar tsaro da ta hana mutanen ƙauye shigowa, to ko ka ci shari'a babu abin kamawa. A nan sai ka karɓi dubu 200 ko 300 duk wata a rubuce, kuma kada ko yadi ɗaya ya sake fita da sunansa sai da kuɗi hannu har ya gama.