Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Samudawa Ne Suka Kafa Duwatsun Stonehenge?

TAMBAYA: Salam Malam. Na ga wani bidiyo a TikTok, Turawa sun taru da asuba a tsakiyar wasu manyan duwatsu a Ingila, wasu da fararen riguna, ana kiɗa ana ihu da rana ta fito. Abokina ya ce Samudawa ne suka kafa duwatsun, wani kuma ya ce aljanu. Mene ne gaskiya? (Daga wani mai karatu a Gusau)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Wurin sunansa Stonehenge, yana kudancin Ingila kusa da garin Salisbury. Ka ce wa abokinka ba shi ya fara ba, su kansu Turawan tun ƙarni na 12 suna da tatsuniyar wai wasu ƙatti ne suka kwaso duwatsun daga Afirka suka kai Ireland, daga baya wani boka ya ɗauko su ya dire a Ingila. To amma mutane ne irina irinka, manoma da makiyaya, kuma sun bar shaida a ƙasa. An tono ƙahonin barewa da suka haƙa rami da su, an tono dunƙulallun duwatsun da suka yi sassaƙa da su, kilomita 3 daga wurin ma an gano ƙauyen da ake ganin ma'aikatan suka zauna, da gidajensu da tarin ƙasusuwan aladun da suka ci. Aljani dai ba ya buƙatar ƙahon barewa kafin ya haƙa rami.

Kuma ba rana ɗaya aka yi aikin ba. An fara da zagayayyen rami wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin ma maƙabarta ce, ana ƙona gawa a binne tokar, sai bayan kamar shekara 500 aka kafa manyan duwatsun nan da ka gani, kowanne kusan tan 25, an jawo su daga wani daji mai nisan kilomita 25. Ƙananan kuma, masu tan 2 zuwa 5, daga tsaunukan Preseli na Wales suka fito, tafiyar fiye da kilomita 200. Abin da ni ya fi ba ni mamaki shi ne labarin da ya fito a watan Agustan 2024, masu bincike suka duba sinadaran wani shimfiɗaɗɗen dutse mai tan 6 da ke tsakiya, wanda aka daɗe ana cewa na Wales ne, ashe daga can arewa maso gabashin Scotland yake, sama da kilomita 700, ba mota ba jirgin ƙasa ba ko ƙarfe a hannu. Sannan duwatsun da ke kwance a sama ba ajiye su kawai aka yi ba, an fafe rami a jikinsu an bar wa na tsaye ƙulu ya shige ciki, yadda kafinta ke haɗa ƙafar kujera.

TAMBAYA: Shi taron da suke yi ɗin addini ne ko shagali? (Daga wata mai karatu a Maraɗi)

AMSA: Hajiya, gauraye ne. Waɗanda suka kafa duwatsun sun daidaita su da rana, ranar 20 ko 21 ga Yuni da yini ya fi tsawo a can rana na fitowa ta saitin wani dutse da ke tsaye a waje, a watan Disamba kuma da yini ya fi gajarta tana faɗuwa ta ɗaya ɓangaren. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka zagaye duwatsun da igiya, sai dai ka biya kuɗi ka kalla daga nesa, amma a waɗannan ranakun hukumar English Heritage mai kula da duwatsun na buɗewa kyauta, dubban mutane su taru a wurin. Mafi yawa 'yan kallo ne da masu ɗaukar hoto. Masu fararen rigunan suna kiran kansu Druid, suna ganin addinin kakanni suke rayawa, sai dai Druid na asali, wato malaman addinin gargajiya na mutanen da, sun zo ne kamar shekara 2000 bayan an gama kafa duwatsun, ba ruwansu da ginin.

Taron ma ba da daɗi ya tabbata ba, a 1985 an yi kare jini biri jini tsakanin 'yan sanda da ayarin masu zuwa bikin, aka kama sama da mutum 500, aka hana taron, sai a 2000 aka dawo da buɗewar. A Yunin 2024 kuma, ana gab da taron, wasu masu fafutukar sauyin yanayi na ƙungiyar Just Stop Oil suka fesa wa duwatsun hoda ruwan goro, ƙasar ta ɗauka. Wata ɗaya bayan haka sabuwar gwamnati ta soke shirin haƙa hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa kusa da wurin, wanda aka shekara da shekaru ana shari'a a kai.

TAMBAYA: Kullum sai na Turawa, mu a Afirka ba mu da irinsu ne? (Daga wani mai karatu a zangon Kumasi)

AMSA: Muna da su ɗan'uwa, da yawa ma, talla ce ba mu iya ba. Tsakanin Senegal da Gambiya, a bakin kogin Gambiya, akwai irin waɗannan wurare sama da 1,000 a tsawon kilomita 350. UNESCO ta sa guda huɗu cikin kayan tarihin duniya a 2006: Wassu da Kerbatch a Gambiya, Sine Ngayene da Wanar a Senegal. Sine Ngayene kaɗai da'irar duwatsu 52 ce. Da marmara aka yi su, an sassaƙe ta da ƙarfe sumul, kuma kaburbura ne, an yi ta kafa su daga ƙarni na 3 kafin Annabi Isa har ƙarni na 16 bayansa. Ba su kai na Ingila tsayi ba gaskiya, mafi tsawo a Wassu bai wuce mita biyu da rabi da 'yan kai ba. In ka samu takardar dalasi 50 ta Gambiya juya bayanta za ka gan su. Masu ziyara na ɗora ƙaramin dutse a kai suna fatan biyan buƙata, wannan kam sai a tambayi malamai, ni nawa tarihi ne.

TAMBAYA: Ina bautar ƙasa a Ikom, jihar Kuros Riba. Na ga wasu duwatsu masu fuskar mutum a gonaki an shafa musu fenti, su ma na zamanin da ne? (Daga wani ɗan bautar ƙasa)

AMSA: Kai ka fi mu sa'a, kana zaune kusa da abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su gani. Su ne duwatsun Bakor, mutanen wurin na ce musu akwanshi ko atal, suna ɗaukarsu a matsayin kakanni da sarakunan da suka shuɗe, shi ya sa kowanne da fuskarsa da gemu da tsagar gado da ƙatuwar cibiya. Wani Bature ma'aikacin gandun daji, Philip Allison, ya zagaya ya ƙirga kusan 300 a 1961 zuwa 1962. Ba su kai Stonehenge tsufa ba ko kusa, amma ni a wurina sun fi shi rai, domin waɗanda ke shafa musu farar ƙasa da shuɗi da ja lokacin bikin sabuwar doya, su zuba musu sakwara da manja, zuriyar masu duwatsun ce, ba wasu ne suka zo daga baya suka ari riga suka sa ba.

Matsalar ita ce sata da wuta. Bayan yaƙin basasa an yi ta sare su ana fitarwa ta Kamaru, yanzu akwai su a gidajen tarihi na Turai da Amurka, har da wani da rabinsa na sama ke gidan tarihin Metropolitan a New York, gindinsa kuma yana nan kafe a Kuros Riba. A 2020 kwastan na Amurka sun kama wasu a filin jirgin Miami. Waɗanda suka rage ƙonar daji ta share gona na fasa su. In za ka je, fara da ƙauyen Alok, ka nemi izinin dattawa kafin ka ɗauki hoto, kuma don Allah kar ka hau kai. Bikin doyar wajen Satumba ake yi, in ba ka gama bautar ƙasar ba ka tsaya ka gani ka rubuto mana.